Dogon hutu: Ina ya dace matashin Lolo mai baiwar fiyano ya je koyo?

Duk shekara, da zarar makarantu sun rufe a ƙarshen watan Yuli, sai tallace-tallacen darussan hutu su cika Facebook da WhatsApp da TikTok. Wasu na kwamfuta ne, wasu na ɗinki, wasu na haddar Alƙur'ani. A 'yan shekarun nan kuma an samu ƙarin wani: sansanin koyon kiɗa, musamman fiyano, inda ake yi wa iyaye alkawarin cewa ɗansu zai ƙware cikin mako huɗu ko shida.

Wayar salula ta kai waɗannan tallace-tallace har ƙarshen ƙasa. Matashin da ke zaune a Lolo, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, daf da iyakar Jamhuriyar Benin, yana ganin abin da ɗan Legas ke gani a lokaci guda. Bambancin shi ne ɗan Legas motar haya ɗaya zai hau ya isa wurin malami, shi kuwa na Lolo sai ya bar gida, ya kwana a hannun mutanen da iyayensa ba su taɓa gani ba.

Wannan ne ya sa muke ganin batun ya wuce na nishaɗi. Akwai kuɗin iyali a ciki, akwai karatun yaro, akwai tarbiyyarsa, akwai kuma lafiyarsa da rayuwarsa. A namu ra'ayin, iyayen da suka amince ɗansu ko 'yarsu ta koyi fiyano su daina kallon girman sunan wuri ko nisansa. Su duba abu huɗu: wane ne malamin, awa nawa yaron zai zauna a kan fiyano, a hannun wa zai kwana, kuma me zai ci gaba da yi bayan ya dawo gida.

Wane fiyanon ake nufi?

Tambayar farko ke nan, kuma a nan ne da yawa ke asarar kuɗinsu. A bakin Bahaushe, fiyano yana nufin na'urar da ake haɗa kiɗa da ita a situdiyo, irin wadda ta mamaye waƙoƙin finafinan Hausa tun ƙarshen shekarun 1990. Yawancin irinta, kamar ƙananan samfurin Yamaha da ake gani a gidajen biki, madannai 61 gare su, kuma a cikinsu akwai sautin ganguna da sarewa da aka riga aka naɗa. Mai kunne yana iya koyonta ba tare da ya karanta ko da layi ɗaya na rubutun kiɗa ba, kuma mutane da dama sun ci abinci da ita a Kano da Kaduna da Jos.

Akwai kuma fiyano na asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700. Na yau yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Madannan suna da nauyi, domin kowane ɗaya guduma yake tunkuɗawa ta bugi tsirkiya, kuma ƙarfin yatsa ne ke sa sauti ya yi sanyi ko ya yi ƙara. A kansa ake buga kiɗan su Bach da Mozart da Beethoven da Chopin, kuma a rubuce ake karanta shi, kamar yadda ake karanta littafi.

Hanyoyin biyu duk sana'a ne, ba mu raina ko ɗaya ba. Sai dai ba malami ɗaya ke koyar da su ba. Yaron da ke son ya zama mai haɗa kiɗa a situdiyo, idan aka kai shi inda za a shafe mako shida ana gyara masa zaman yatsu, zai gaji ya gudu. Wanda kuma ya fara karanta rubutun kiɗa yana son ya zurfafa, idan aka ajiye shi a situdiyo yana danna sautin da aka riga aka naɗa, an ɓata masa hutu. Don haka a zauna da yaron tukuna, a ji abin da yake so, a ga abin da ya riga ya iya.

Wuraren da ake da su

A Najeriya, wurin da ya fi suna a kiɗan da ake karantawa shi ne MUSON, ƙungiyar da aka kafa a 1983, mai cibiya a unguwar Onikan ta Legas. Tana da makarantar kiɗa mai ba da difiloma ta shekara biyu, kuma tun 2006 gidauniyar kamfanin MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibai a wurin. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka kuwa ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. Ban da waɗannan, makarantun kiɗa masu zaman kansu a Legas da Abuja sukan shirya darussan hutu.

Matsalar ita ce nisa. Daga Kebbi zuwa Legas a mota tafiyar yini guda ce cur, wani lokaci har da kwana, kuma a tsakiyar damina. Idan babu ɗan uwa amintacce da yaron zai sauka a gidansa, kuɗin masauki da abinci suna iya ninka kuɗin karatun kansa.

Ga mutanen Lolo, ƙetare ya fi kusa. Madekali na nan daf da su, Malanville ba nisa, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Kandi da Parakou har Kwatano. Benin ƙasa ce mai tarihin kiɗa, ita ta haifi Angélique Kidjo da ƙungiyar Poly-Rythmo, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan Najeriya damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90. Sai dai da Faransanci ake koyarwa, sunayen sautuka ma daban suke: inda makarantun Najeriya ke cewa C, D, E, su can do, re, mi suke kiransu. Kuma da sefa za a biya, ga yadda Naira take.

A Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa ta gwamnati mai ɗauke da sunan Elhadji Taya, wadda aka buɗe a 1989, inda aka haɗa kayan kiɗan zamani da na gargajiya. Daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, kuma mai jin Hausa ko Zabarmanci ba zai yi baƙunta ba. Amma juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya dagula zirga-zirga a yankin, gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta daɗe a rufe, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025.

Su kuwa manyan sansanonin ƙasashen waje, irin su Interlochen da ke jihar Michigan a Amurka, wanda ake yi tun 1928, sai yaro ya aika bidiyon kiɗansa an tantance shi kafin a ɗauke shi, kuma da dala ake biya. Duk wanda ya ce zai samar wa ɗanka gurbi a irin wannan wuri ba tare da an ji kiɗansa ba, matuƙar ka tura kuɗin cike takarda, to ka riƙe aljihunka. Damfara ce.

Tambayoyin da ya kamata a yi kafin a biya

Na farko, wane ne zai koyar da yaron, da sunansa? Ba sunan mai makarantar ba. Sau da yawa hoton wani shahararre ake sakawa a talla, amma idan aka je sai a tarar ɗalibansa ne ke koyarwa. A nemi a yi kiran bidiyo da malamin, yaron ya buga masa abin da ya iya, a ji abin da zai ce. Malamin kirki zai faɗi inda yaron ya yi daidai, ya kuma nuna inda yake da rauni. Wanda ya yi ta zuba yabo kawai, kuɗin yake hange.

Na biyu, sau nawa a mako yaron zai zauna da malami shi kaɗai? Fiyano ba karatun allo ba ne da za a tara yara talatin a biya musu baki ɗaya. Dole malami ya ga yadda kafaɗa da wuyan hannu da yatsun kowane yaro ke aiki.

Na uku, fiyano nawa ne a wurin, kuma yara nawa ne? Lissafin a fili yake. Idan yara 24 ne, fiyano uku, kuma ana buɗe ɗakin awa takwas a yini, to kowane yaro awa ɗaya kacal zai samu, shi ma idan ba a ɗauke wuta ba. A tambaya ko madannan masu nauyi ne, a kuma tambaya ko akwai sola ko janareto.

Na huɗu, me kuɗin ya ƙunsa? A sa a rubuta komai: karatu, masauki, abinci, littattafai, magani idan yaro ya kwanta. Lokacin sauro ne, zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran a gama darasi. A tambayi asibitin da ake kai yara da wanda zai biya. A kuma san ko za a mayar da kuɗi idan aka fasa.

Na biyar, takardar da za a bayar, wa ya san da ita? Takardar halartar sansani ado ce kawai a bango. Jarrabawar da aka sani a duniya ita ce irin ta hukumar ABRSM ta Ingila, wadda aka kafa a 1889, mai matakai daga 1 zuwa 8, da kuma ta Trinity. Ba wanda ke haye matakan nan cikin hutu ɗaya. Shekaru ake yi. Duk mai cewa yaro zai ƙware a wata guda, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya ɗauka kai ne ba ka sani ba.

Tsaro ya fi komai

Mutanen Kebbi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Ba a manta da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace ranar 17 ga Yunin 2021 ba, haka nan 'yan matan makarantar Maga a Danko-Wasagu a watan Nuwamban 2025. Ga kuma Lakurawa da suka addabi yankunan kan iyaka. A ɓangaren Benin ma, jihar Alibori da ke maƙwabtaka da Bagudo ta sha hare-hare, ciki har da na watan Afrilun 2025 wanda gwamnatin ƙasar ta ce sojojinta 54 sun mutu.

Saboda haka duk wurin da za a tara yara su kwana, dole uba ko wakilinsa ya je ya gani da idonsa. Zuwa da kai ya fi aike. A ga ɗakin kwana, a ga katanga da ƙofa, a san mai gadi, a san ko hukuma ta san da zaman wurin. Kada a yi tafiyar dare, kada kuma a bi da yaro ta ɓarauniyar hanya ko a cusa shi a kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima don gudun jami'an iyaka. Kogin Neja a watan Agusta ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma hatsarin da ba ya ɗauke da bindiga. Darasin fiyano yakan haɗa babba da yaro a ɗaki ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, hannu kusa da hannu. Wurin kirki yana da ƙa'ida a rubuce: ƙofa a buɗe, ko taga da ake hango ciki, babu darasi a ɗakin kwanan malami, 'yan mata kuma mace ce ke kula da su. A bar wa yaro wayarsa ya riƙa kiran gida kullum. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ko da ya fi ubansa tsawo.

A garuruwan kan iyaka, alkawarin koyar da sana'a a ƙetare tsohuwar dabara ce ta masu safarar mutane. Wanda ya zo ya ce zai ɗauki ɗanka kyauta zuwa Kwatano ko Legas ya mayar da shi tauraro, amma ba ya son ka raka shi, to a kai maganarsa gaban hakimi ko ofishin NAPTIP kafin a haɗa wa yaro kaya.

Abin da muke da shi a gida

Kada kuma neman na nesa ya sa mu manta cewa ƙasar Hausa ta daɗe da tsarinta na horar da makaɗa. Musa Ɗanƙwairo a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi a Maradun, yana amshi, kafin ya zama abin da ya zama. Sani Aliyu Ɗandawo, wanda Kebbi ke alfahari da shi, gadon mahaifinsa Aliyu Ɗandawo ya ɗauka. Tsarin a bayyane yake: ubangida ɗaya, sauraro mai yawa, maimaici kullum, shekara da shekaru. Duk malamin fiyano na ƙwarai a duniya abin da zai gaya maka ke nan.

Kuma kiɗan gida ba kishiyar fiyano ba ne. Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905, ya yi suna a Landan ne da kiɗan da ya gina a kan sautukan Afirka. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa ana iya sa fiyano ya yi magana kamar ganga. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, kuma baƙaƙen madannan fiyano biyar-biyar aka jera su, shi ya sa yaro mai kunne yakan lalubo karin waƙar gida a kansu tun ba a koya masa ba.

Yaron Lolo yana tashi ne yana jin kalangu da goge da gurmi, yana jin waƙoƙin Dandawa da Zabarmawa da Fulani. Wannan jari ne da babu makarantar da za ta sayar masa. Misalin Malam Maman Barka na Nijar ya isa darasi: a 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi gaɓar Tafkin Chadi ya zauna a gaban tsoho Boukar Tar, ya koyi biram, molon masunta Buduma mai tsirkiya biyar da ya kusa ɓacewa. Da wannan kayan kiɗa ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2018. Abin da duniya ba ta da shi take nema a wurinmu.

Damuwar iyaye gaskiya ce

Mun san gidaje da yawa ba za su yarda da wannan maganar ba tun daga tushe. Malaman Musulunci sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun ƙarnoni da suka wuce, wasu sun haramta, wasu sun halatta da sharuɗɗa. Ba hurumin jarida ba ne ta yanke wannan hukunci, kuma uban da ya ce a'a bisa fahimtarsa ta addini yana da haƙƙinsa. Akwai kuma tsohon kallon da ake yi wa makaɗi a matsayin maroƙi, wanda shi kansa Mamman Shata, da bai gaji kiɗa ba, sai da ya fuskanci adawa a gida.

Abin da muke cewa shi ne, a yi maganar a fili. Yaron da aka hana ba tare da an saurare shi ba yakan koma ya koya a ɓoye, a wuraren da iyaye za su fi ƙi. Wanda kuma aka yarje masa, a gindaya masa sharaɗi: salla a kan lokaci, Islamiyya ba fashi, sakamakon makaranta kada ya sauka. Kiɗa darasi ne da ake rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, amma ba ya maye gurbin Turanci da lissafi. Kuma dogon hutu lokacin aikin gona ne a Bagudo. Gidan da ke buƙatar hannun ɗansa a fadamar shinkafa dole ya sa wannan a lissafi.

Idan tafiyar ba ta yiwu ba

A ganinmu, ga mafi yawan iyalai a Lolo da Illo da Ka'oje da Tsamiya, zaɓin da ya fi hankali shi ne kada a fara da tafiya mai nisa. Kuɗin da za a kashe a mako huɗu a Legas, idan aka sayi fiyanon lantarki mai madannai 88 masu nauyi, ko da na hannu ne, da ƙaramin sola, yaron zai yi shekaru yana amfana. Wanda ya je sansani ya dawo gidan da babu abin bugawa, kafin sabuwar shekara yatsunsa sun manta.

Sai a nemi malami mafi kusa, a Birnin Kebbi ko Sakkwato, inda akwai dangi da za a sauka. Masu karanta rubutun kiɗa a Arewa galibi ana samunsu a cikin masu kiɗan coci da tsofaffin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda. Mako biyu a gaban irin wannan malami, sannan darasi ɗaya a mako ta kiran bidiyo, da awa ɗaya ta maimaici kullum, sun fi sansanin da ya fi kowanne tsada. Tun 2020 ma ABRSM ta buɗe damar yin wasu jarrabawarta ta hanyar aika bidiyo. Idan yaro ya yi shekara ɗaya ko biyu a haka bai gaza ba, a lokacin ne tafiya Legas za ta yi amfani, domin zai je da abin nunawa, yana iya neman tallafin karatu.

Kira ga hukumomi

Jihar da ke da bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta saka cikin al'adun duniya a 2016, bai kamata matasanta su rasa inda za su koyi kiɗa cikin tsari da aminci ba. Muna kira ga ma'aikatun ilimi da na al'adu na Jihar Kebbi su shirya horon hutu na mako biyu ko uku, na jeka-ka-dawo, a Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri da Zuru da Bagudo, a cikin makarantun da ke zaune a rufe lokacin hutu. A haɗa malamin rubutun kiɗa da sarakunan kiɗa na masarautu a ƙarƙashin rufi ɗaya, a biya kowa haƙƙinsa.

Haka kuma a wajabta wa duk mai tara yara da sunan darasin hutu ya yi rajista, a san shi, a san malamansa, a duba wurinsa. Sarakuna da hakimai da ƙungiyoyin iyaye su sa ido a kan baƙin da ke zuwa ɗaukar yara da sunan koyar da sana'a.

Ga iyaye kuma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hannun wanda ya iya. Ku tambaya, ku je ku gani, ku sa a rubuta muku. Wurin da ya ji haushin tambayoyinku, to ya riga ya ba ku amsa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai kowa hutu lafiya, Ya dawo da su makaranta lafiya.